Garinmu Birni Ne Ko Ƙauye?

Tambaya ta huɗu a takardar tambayoyin furojet ɗina ce ta tsayar da ni cak. Ni na tsara ta da kaina, na kai shagon kwamfuta na bakin get aka buga mini kwafi ɗari da ashirin da kuɗin da ya kamata in ci abincin sati guda da su. Amma ranar da na je gida na zauna a zaure zan cike ta farko da bakin Baba, sai biro ya ƙi tafiya. Tambayar ba ta da wani tsawo: wurin zama, birni ko karkara? Akwati biyu ne, a sa alama a ɗaya.

Na karanta wa Baba. Ya ce, "Kai da ka yi boko kake tambayata? Sa ƙauye mana. A nan aka yanke mini cibiya, kuma ƙauye na san shi." Baffa, ƙanin Baba, yana ƙofar gida yana wanke adaidaita sahunsa, ya ɗago ya ce, "Haba Yaya, wane irin ƙauye kuma? Wurin da kuɗin fuloti ɗaya zai kai mutum Makka ya dawo da shi?" Suna cikin haka Kaka ta leƙo daga cikin gida da carbi a hannu, ta ce mini, "Kai maigidan, kada su ruɗa ka. Birni shi ne cikin ganuwa. Duk wanda yake waje baƙauye ne, ko da bene ya gina."

Mutum uku a gida ɗaya, kowa da ma'auninsa. Na ninke takardar na sa a jaka.

Bari in ɗan kwatanta muku wurin, don na san da yawanku daga irinsa kuka fito. Garinmu yana gefen babban birnin jiharmu. Lokacin da nake firamare, tsakaninmu da gidajen ƙarshe na birni gonaki ne zalla, gero da dawa da gyaɗa, har iyaye kan hana mu bin hanyar bayan magariba. Yau idan ka hau adaidaita daga tsakiyar birni zuwa ƙofar gidanmu ba za ka ga inda gini ya yanke ba. Mafi yawansa awon igiya ne: mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka, a sayar, ba a bar wurin makaranta ba balle magudanar ruwa. Muna da shagunan cajin waya da gidajen kallon ƙwallo da makarantun kuɗi a kowane layi. Muna kuma da dagaci, da asibitin sha-ka-tafi guda ɗaya tak, kuma ruwan da muke sha 'yan garuwa ne ke turo shi a kura. Baba har gobe noma yake yi. Maƙwabcinmu da ya tare bara ma'aikacin banki ne.

Da na dawo makaranta na kai wa malamin da ke duba furojet ɗina kuka. Na ce, "Malam, wannan tambayar fa ba ta amsuwa a garinmu." Ya yi dariya ya ce, "To wa ya ce maka ra'ayin mutum ake tambaya? Gwamnati ce take faɗin inda birni yake. Je ka nemo mini yadda take faɗa, ka dawo." Sati biyu na yi ina wannan nema, kuma abin da na samo shi ya sa nake wannan rubutu.

A Nijeriya ma'aunin da aka fi aiki da shi wajen ƙidaya shi ne yawan mutane: wurin da ya kai mutum 20,000 birni ne, wanda bai kai ba karkara ne. Ba haka yake tun asali ba. A ƙidayar 1952 zuwa 1953, zamanin Turawa, mutum 5,000 ne ma'aunin, sai a ta 1963 aka ɗaga shi zuwa 20,000. Wato akwai garuruwan da aka kira birni a ƙidaya ɗaya, a ta gaba suka koma ƙauye, alhali ko gida ɗaya bai rushe a cikinsu ba.

Da na leƙa wasu ƙasashen sai na ga kowa da kiwon da ya karɓe shi. A Gana mutum 5,000 sun isa. A Denmak mutum 200 kacal, idan gidajensu suna kusa da juna. A Jafan sai wuri ya kai 50,000 kafin a ba shi matsayin birni. Indiya kuwa sharaɗi uku ta gindaya wa garin da ba shi da hukumar birni tasa: ya kai mutum 5,000, a samu aƙalla mutum 400 a kowace murabba'in kilomita, sannan kashi 75 cikin ɗari na mazan da ke aiki su kasance ba noma ne sana'arsu ba. Amurka ta shafe sama da shekara ɗari tana amfani da 2,500, sai a ƙidayar 2020 ta mayar da shi mutum 5,000 ko gidaje 2,000, kuma da wannan canjin garuruwa sama da dubu suka fita daga lissafin birane. Don haka idan lakcara ya kawo mana jadawali yana cewa ƙasa kaza ta fi ƙasa kaza yawan mazauna birni, akwai tambayar da ya kamata a fara yi: da wane mudu kowacce ta auna?

Na koma wurin Malam da murnata, na ce ai an gama, 20,000 ne, kuma garinmu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ya ce, "Wa ya ƙirga ku?" Na yi shiru. Ya ce, "Kuma daga ina zuwa ina ne garin naku?" Na ƙara yin shiru.

Ta farkon ba ta da wuyar ganewa. Ƙidayar ƙarshe da aka yi a ƙasar nan ta watan Maris ɗin 2006 ce, lokacin ko makarantar allo ba a sa ni ba. Ta ce mu miliyan 140 ne da ɗoriya, ta ba jihar Kano kusan miliyan 9.4, ta ba Legas kusan miliyan 9.1, gwamnatin Legas kuma ta ce sam ba ta yarda ba. An shirya wata a 2023 aka ɗage. Alƙaluman 2006 da kowa ke aiki da su na jihohi ne da ƙananan hukumomi 774, sai a riƙa ƙara musu wani kaso duk shekara a ce hasashe ne. Irin wannan hasashen bai san cewa gonar da ke bayan gidanmu a 2006 yanzu layi bakwai ce ta gidaje ba.

Tambaya ta biyu ce ta fi ɗaure kai. Kafin ka ce wuri ya kai mutum 20,000, dole ka fara shata masa iyaka, ka ce daga nan zuwa nan shi ne wurin. Idan ka ɗauki garinmu shi kaɗai da iyakar da dagaci ya gada, lissafi ɗaya za ka samu. Idan ka haɗa shi da sababbin unguwannin da suka kewaye shi, wani lissafin ne daban. Idan kuwa ka ce ai ya riga ya manne da birni, to ya ɓace ke nan a cikin miliyoyi. Iyakokin ƙananan hukumomi ba sa taimako, domin ba don auna birni aka shata su ba. Abin da muke kira birnin Kano a yau ya ratsa ƙananan hukumomi takwas: Birni da Kewaye, Dala, Fagge, Gwale, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, kuma gine-ginen ba su tsaya a nan ba. 'Yan Kaduna da ke cikinmu sun san Rigasa. Ba wanda zai ratsa cunkoson Rigasa ya ce ba a cikin garin Kaduna yake ba, ga tashar jirgin ƙasa ta zuwa Abuja a can, amma a takarda tana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Igabi, wadda hedikwatarta take Turunku. Haka Mararaba: dubban mutane suna kwana a can su wayi gari a ofisoshin Abuja, amma ranar ƙidaya 'yan ƙaramar hukumar Karu ne ta jihar Nasarawa.

A nan ne na fara ganin girman maganar Kaka. Bahaushe ya daɗe da nasa ma'aunin. Yana da birni, yana da gari, yana da ƙauye, yana da unguwa, ga tunga, ga rugar Fulani, kuma kowanne an san wanda yake riƙe da shi, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa sarki. Kalmar birni kanta da ganuwa take tafiya. Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwar Kano wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Iyaka ce da za ka iya dafawa da hannunka, kana ciki ko kana waje. Da Turawa suka zo sai suka kawo tasu iyakar ta kan takarda: dokar garuruwa ta 1917 ta kasa garuruwa aji uku, Legas kaɗai ta samu aji na ɗaya. Tun daga nan iyakar birni ta koma abin da ake rubutawa a ofis, wanda yake zaune a kanta ma bai san an ja ta ba.

Wani zai ce to mene ne abin damuwa, ai suna ne kawai. Ni ma da haka na ɗauka, har sai da na haɗa abin da na karanta da abin da ya faru a gidanmu.

Bayan rasuwar kakanmu namiji aka raba gado, Baba ya samu gona ɗaya. Ganin yadda dillalai suke zarya, ya ce gara ya yi mata takarda tun da wuri. Ya karɓi shaidar mai unguwa da ta dagaci, ya sa babbar rigarsa ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma. Ya dawo da yamma ya zauna ko ruwa bai nema ba. Wai an ce masa wannan yankin ya daɗe da shiga birni, ba su da hurumin ba shi takarda, sai ya tafi ma'aikatar jiha. Ya ce da Inna, "Yaushe muka shiga birni ban sani ba? Ina nan zaune fa, ko ƙaura ban yi ba." Lokacin ina sakandare, na ɗauka irin yawon da ake yi wa talaka da hankali ne a ofis. Sai yanzu na gane ma'aikacin gaskiya ya faɗa masa.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ta kuma ba shi ikon ya ayyana yankunan da yake so a matsayin birni, ta hanyar sanarwa a jaridar gwamnati da ake kira gazet. Ƙasar da ke cikin yankin da aka ayyana, gwamna ne ke kula da ita. Wadda take waje ita ce ƙaramar hukuma take iya ba da takardar mallaka ta gargajiya a kanta. Ka ga ashe birni iri biyu ne a wurin gwamnati: akwai na masu ƙidaya mai mutum 20,000, akwai na masu filaye wanda sa hannun gwamna ke samarwa, ko da a wurin babu komai sai dawa da kuka. Kuma idan aka karɓi fili don amfanin jama'a, dokar ta ce diyyar ta abin da ka yi a kan ƙasar ce, gini ko amfanin gona ko itatuwa. Ranar da na karanta wa Baba wannan ya daɗe yana kallon mangwarorin da ke bakin gonar, sannan ya ce, "Ashe su ne dukiyar."

Har yau gonar ba ta da takarda. Kuɗin safiyo da na fom da na zirga-zirga sun fi ƙarfin abin da gonar take bayarwa a shekara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar ruwa. Shekaru biyu da suka wuce ƙungiyar matasan garinmu, ina cikin masu rubuta wasiƙar, ta nemi a jawo mana bututun famfo daga unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Aka ce tsarin ruwan birni bai kawo nan ba, mu nemi masu kula da ruwan karkara. Muka je can neman burtsatse, aka ce ai ku kuna cikin gari, ƙauyukan nesa ake bai wa fifiko. Ban ce wani ya yi mana mugunta ba, kowanne taswirar da ke kan teburinsa ya duba. Amma sakamakon shi ne a wajen fili mu 'yan birni ne, a wajen famfo mu ƙauyawa ne, a wajen burtsatse kuma mun sake zama 'yan birni. Inna tana nan tana sayen jarka.

Ba mu kaɗai wannan ruɗanin ya dama ba. A watan Maris na 2020 hukumar ƙididdiga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wani ma'auni na bai-ɗaya don a iya kwatanta ƙasashe. Shi ba ruwansa da iyakar ƙaramar hukuma. Ana yanka taswirar ƙasa gida-gida kamar ramukan dara, kowane gida murabba'in kilomita ɗaya. Inda aka samu gidajen da ke manne da juna, kowanne da mutum 1,500 ko fiye, kuma jimillarsu ta kai 50,000, wannan birni ne. Inda kowanne ke da aƙalla mutum 300 kuma jimilla ta kai 5,000, wannan gari ne ko gefen birni. Sauran karkara. Abin da ya burge ni shi ne aji uku ya yi, ya yarda cewa akwai masu zama a tsakiya.

Na gwada shi da kaina a ɗakin kwamfuta na sashenmu. Na buɗe hoton tauraron ɗan'adam na garinmu a Google Earth, na shata murabba'in kilomita ɗaya da gidanmu a tsakiya, na fara ƙirga rufin kwano. Ban kai rabi ba na wuce ɗari uku na daina. Ko mutum biyar-biyar ka ba kowane gida ka kai 1,500, mu kuwa a gidanmu kaɗai mu goma sha huɗu ne. A wannan ma'aunin dai Baffa ne ya ci gardama.

Sai dai da na kai wa Baba labari bai yi murna ba, kuma ban ga laifinsa ba. A wurin Baffa, birni yana nufin kwalta da fasinja. A wurin Baba yana nufin ranar da za a zo da na'urar awo a kafa siminti a tsakiyar dawarsa. Hoton sama yana ganin rufi, amma ba ya ganin wanda ke ƙarƙashinsa da me yake ci, ba ya ganin kurar mai ruwa. A nan ma'aunin Indiya ya fi shi, tunda aƙalla yana tambayar sana'ar mutane. Kowane ma'auni akwai abin da aka yi shi don ya gani, akwai kuma abin da yake tsallakewa, kuma galibi irinmu na gefe ne ake tsallakewa.

A ƙarshe Malam ya yarda na cire tambaya ta huɗu. A madadinta na sa guda huɗu: daga ina kuke samun ruwan sha, minti nawa ne zuwa asibitin da ake kwantar da mara lafiya, mene ne sana'ar maigida, kuma wa ya ba ku takardar filin da kuke zaune a kai. Na sake biyan kuɗin bugu, na sha gari da ƙuli na sati guda, amma waɗannan ba wanda ya tsaya gardama kafin ya amsa su. A ta ƙarshen, mafi yawan gidajen da na shiga takardar dillali da sa hannun mai unguwa kawai suka nuna mini, kuma kusan babu wanda ya taɓa jin cewa an ayyana yankin a matsayin birni.

'Yan uwana ɗalibai, musamman na sassan ƙididdiga da tsara birane da safiyo da kula da filaye, mu ne za mu riƙe waɗannan taswirorin gobe. Duk ranar da aka buɗe ɗaukar ma'aikatan wucin-gadi na ƙidaya, mu ne za mu cika layi. Idan an ba ka yankin da za ka ƙirga, ka dubi taswirar da kyau, ka ga ko layin da aka ja ya bar wasu gidaje a baya, ka faɗa. Yawan jama'a yana cikin abin da ake dubawa wajen rabon kuɗin tarayya, kuma da shi ake tsara inda za a sa makaranta da asibiti. Su kuma waɗanda karatunsu bai shafi wannan ba, idan kun je hutu ku tambaya a gida: filin da muke kai wa ya ba da takardarsa, kuma yankinmu yana cikin wanda aka ayyana ko ba ya ciki? Gara a sani tun kafin ranar rabon gado.

Ni dai na yi wa Baba alƙawari, ina gama jarrabawar ƙarshe zan raka shi ma'aikatar filaye mu ji abin da ake buƙata dalla-dalla, ko da kaɗan-kaɗan za mu riƙa biya. Na riga na haɗa masa fayil. Da Kaka ta ji muna shirin, ta ce idan mun shiga birnin in sayo mata goro.